Maƙalu 300 da ambato 10,000: shin sun isa a ce mutum gwani ne a binciken likitanci?

Zainab: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a gidan nan. Zan fara digirin digirgir a fannin cututtuka masu yaɗuwa, kuma malamai biyu sun nuna za su iya karɓa ta. Da na duba shafinsu a Google Scholar, na farko maƙalunsa sun kusa 300, an ambaci aikinsa fiye da sau 10,000. Ta biyun maƙalunta ba su kai 40 ba, ambaton ma bai kama ƙafar nasa ba. Abokan karatuna duk sun ce babu wani abin tunani, in bi na farko. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin ban ma san abin da lambobin nan suke aunawa ba. Yaya ake karanta su?

Nura: Wa alaikumus salam. Kafin manya su iso, bari in fara da lambar da ta fi ɗaukar ido a shafin, wato ma'aunin h. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 20 ne, to yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 20. Abin da Hirsch ya so shi ne lamba ɗaya da za ta haɗa yawan rubutu da yawan ambato, don kada wanda ya yi ta zuba maƙalun da babu mai karantawa ya sha gaban kowa.

Amma ki lura da abu biyu. A ce mutum ya rubuta maƙalu 5 kacal a rayuwarsa, kowacce an ambace ta sau 2,000, to h ɗinsa ba zai wuce 5 ba har abada. Sannan lambar ba ta sauka. Wanda ya daina bincike shekara goma da suka wuce, tasa za ta iya ci gaba da hawa yana zaune. Don haka kafin komai ki duba shekarar da kowannensu ya fara wallafawa.

Dr Bashir: Zainab, kada a rikita ki. Bi na farkon. Mutum ba ya tara maƙalu 300 sai yana da tallafin bincike, yana da ayarin ma'aikata, yana da abokan hulɗa a ƙasashe, kuma ya san yadda ake tsallake masu tantance maƙala. Ke ɗaliba ce, sai kin wallafa za ki gama. Wanda ya saba da hanyar shi zai kai ki.

Malama Hadiza: Likita, a yi haƙuri, ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Aikina ne a ɗakin karatu in fitar wa kwamitoci waɗannan lambobi, kuma abu na farko da nake faɗa musu shi ne mutum ɗaya yana da lambobi uku. Ta Google Scholar daban, ta Scopus daban, ta Web of Science daban, kuma kusan kullum ta Google Scholar ce ta fi girma. Dalili shi ne tana ƙirga duk abin da ta tsinta a intanet mai kama da rubutun ilimi: kundin ɗalibai, rubutun da ba a tantance ba tukuna, takardun taro, wani lokaci ma maƙala ɗaya sau biyu. Scopus, ta kamfanin Elsevier, wadda aka buɗe a 2004, da Web of Science, wadda ta samo asali daga kundin ambato da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964, su mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa.

A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi, ya sa masa suna Ike Antkare. Ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalu sama da 100 marasa ma'ana, kowacce tana ambaton sauran, ya zuba su a intanet. Google Scholar ta ba shi ma'aunin h na 94. Ba ina cewa malamin naki ya yi haka ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa shafin da mutum yake kula da shi da kansa ba shi ne wurin ƙarshe da za a tsaya ba. Akwai kuma matsalar suna: mutum biyu masu suna iri ɗaya, maƙalun wannan su shiga shafin wancan. Abin da ya sa aka kafa ORCID ke nan a 2012, kowane mai bincike da lambarsa.

Zainab: Malama, to idan na shiga Scopus na ga har yanzu tazarar tana da yawa fa?

Malama Hadiza: Sai ki buɗe maƙalunsa goma da aka fi ambata, ki duba inda sunansa ya faɗo a jerin marubuta. A al'adar rubutun likitanci, na farko a jeri shi ne yawanci ya yi aikin ya kuma rubuta, na ƙarshe shi ne jagoran ayarin. Na tsakiya sun taimaka, wani da yawa, wani da kaɗan. Akwai maƙalun da ake ƙididdige nauyin cututtuka a duniya baki ɗaya, irin waɗanda mujallar The Lancet ke wallafawa, masu marubuta ɗaruruwa. Maƙala ɗaya cikinsu tana iya samun ambato dubbai, kuma duk wanda sunansa ke ciki za a rubuta masa dubban nan cif, kamar shi kaɗai ya yi ta. Idan kika cire irin waɗannan guda huɗu ko biyar, wani shafin sai ki ga ya ragu da rabi.

Dr Rabi: Na daɗe ina son a yi wannan magana a gidan nan, don haka ku yi mini uzuri, zan ɗan tsawaita.

Wane ne yake ambaton maƙala? Wanda yake rubuta wata maƙalar. Shi ke nan. Likitan da ya karanta bincikenka da daddare, da safe ya canja maganin da yake ba yara, ba zai taɓa bayyana a ƙidayar ba, domin shi ba rubutu yake yi ba, jinya yake yi. Ma'aikaciyar jinyar da aka koya wa sabuwar hanya saboda aikinka, ita ma babu ita. Ambato yana gaya mana wanda masu bincike suke amfani da shi. Wannan abu ne mai daraja, ban raina shi ba. Amma a likitanci ba shi ne tambaya ta ƙarshe ba.

Ku dubi maƙalar da aka daɗe ana ƙirga ta a matsayin wadda aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta Oliver Lowry ce da abokan aikinsa, ta 1951, an ambace ta fiye da sau 300,000. Me ta ƙunsa? Hanyar auna yawan furotin a ɗakin gwaji. Duk wanda ya auna furotin da wannan hanya sai ya ambace ta, shi ya sa. Hanya ce mai amfani ƙwarai, amma babu mai cewa ita ce ta fi kowane bincike ceton rai.

Yanzu ku dubi ɗaya gefen. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ta jijiya ya yi ƙaranci. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ruwa, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da baki. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. An wallafa aikin a 1973, a mujallar likitanci ta Johns Hopkins, ba tare da wata hayaniya ba. A 1978 The Lancet ta kira wannan hanya da cewa mai yiwuwa ita ce ci gaban likitanci mafi muhimmanci na ƙarnin. Miliyoyin yara suna raye saboda ita. Uwar da ta haɗa wa ɗanta ruwan gishiri da sukari ba ta ambaci kowa ba.

Haka Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ayarinta ya tace atemisinin a farkon shekarun 1970, maganin da a yau shi ne ginshiƙin jinyar zazzaɓin cizon sauro. Rahoton da aka wallafa a 1977 bai ma ɗauki sunan kowa ba, da sunan ayari ya fito, kuma da Sinanci. Da ma'aunin h za a bi, da babu wanda zai san ta. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Dr Bashir: Yaya Rabi, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma kin zaɓo mutum biyu cikin miliyoyi. Zan ma ƙara miki ta uku: Katalin Karikó, wadda jami'arta ta rage wa matsayi a 1995 don ba ta samo tallafi ba, maƙalarta da Drew Weissman ta 2005 ta yi shekaru ba a damu da ita sosai ba, sai ga rigakafin korona ya tsaya a kanta, suka karɓi Nobel a 2023. Na san waɗannan. Sai dai mafi yawan masu ƙarancin ambato ba Karikó ba ne. Mafi yawansu aikinsu ne bai kai a ambata ba. Idan muka ce lamba ba ta da amfani, duk malalaci zai ɓuya a bayan Tu Youyou.

Kuma aikin da ya canja jinya da gaske, ai ana ambatonsa. Gwajin AQUAMAT na 2010, yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta canja shawararta a 2011. Je ki duba ambatonsa. Gwajin RECOVERY na Birtaniya a 2020, wanda ya nuna dekzametason yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ma haka. Inda aka yi aiki mai kyau, yawanci lamba tana bin sa.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ranar da aka jefar da lambobi, me zai maye gurbinsu a kwamitin ƙarin girma? Sanayya. Wane ne ubangidanka, wa ka yi wa biyayya, wa kuka yi faɗa da shi. Lamba tana da aibi, amma ba ta san ɗan wane ba. Matashin da ba shi da kowa, ita ce kaɗai hujjar da yake iya ɗorawa a kan tebur.

Nura: Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, gaskiya.

Dr Rabi: Tana da nauyi, kuma ban ce a jefar ba. Amma Bashir, ka ce lamba ba ta san ɗan wane ba. Ta sani. Tun 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana yadda sanannen masani ke samun yabo fiye da wanda ba a sani ba, ko da aikinsu ɗaya. Mai rubutu yana ambaton sunan da ya saba ji, da mujallar da jami'arsa ta biya kuɗin shiga, da harshen da yake karantawa. Matashin naka da ba shi da kowa, shi ne ba a gayyata cikin maƙalar masu marubuta 500.

Farfesa Umar: Na karanta duka. Bashir da Rabi, kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na abu ɗaya, amma a wurina Rabi ta fi kusa, kuma zan faɗi dalili.

Na zauna a kwamitoci irin waɗanda Bashir yake magana a kai. Lamba ba ta hana son kai. Wanda ake so, ana nemo lambar da ta dace da shi: in ambatonsa kaɗan ne a ce ai ya wallafa a manyan mujallu, in mujallun ƙanana ne a ce ai yana da yawa. Abin da na ga yana hana son kai shi ne a tilasta wa kowane ɗan kwamiti ya karanta aikin, ya rubuta dalilinsa, ya sa hannu.

Tun da an taɓo manyan mujallu, Zainab, za ki ji ana maganar ma'aunin tasirin mujalla. Lissafinsa mai sauƙi ne: ambaton da maƙalun mujalla na shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne. Kuma a kowace mujalla, maƙalu 'yan kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ambaton, sauran suna ƙasa da matsakaicin. Saboda haka in an ce miki wane ya wallafa a mujalla mai babban ma'auni, an gaya miki labarin mujallar ne, ba a gaya miki labarin maƙalarsa ba. Garfield da ya ƙirƙiro ma'aunin don taimaka wa zaɓen mujallu ya yi shi, kuma shi da kansa ya yi gargaɗi a kan auna mutum ɗaya da shi. A Disamba 2012 editoci da masana suka haɗu a San Francisco, a taron ƙungiyar masana ƙwayoyin halitta ta Amurka, suka tsara sanarwar da aka sani da DORA, wadda jigonta shi ne a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma da ba da tallafi. A 2015 kuma ƙa'idojin Leiden guda 10 suka fito a mujallar Nature, ta farkonsu tana cewa lamba ta tallafa wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Ba malalata ne suka rubuta waɗannan ba, Bashir. Mutanen da suka yi rayuwarsu a kan ƙirga ambato ne.

Dr Bashir: Ranka ya daɗe, na ji. Amma jami'o'i nawa ne suka sa hannu a DORA kuma har yau fam ɗin ƙarin girmansu yana neman lamba?

Farfesa Umar: Da yawa. Wannan kuwa laifinmu ne mu masu zama a kwamiti, domin ƙirga ya fi karatu sauƙi.

Aminu: Ni ba likita ba ne, ɗan jarida ne mai bibiyar harkar lafiya, kuma sau da yawa ina buƙatar in san wa zan kira gwani. Tambayata: idan an ambaci maƙala don a ƙaryata ta, ana ƙirgawa?

Malama Hadiza: Ana ƙirgawa, Malam Aminu, daidai da wanda ya yaba. Misali mafi muni shi ne maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a The Lancet, a kan yara 12, wadda ta jefa shakka a kan rigakafin ƙyanda na haɗin uku, wai yana da alaƙa da otizim, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro. Binciken da ya biyo baya a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga wata alaƙa da cutar da ya ambata ba. Mujallar ta janye maƙalar a 2010, a wannan shekarar kuma aka cire sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. An ambace ta sau dubbai, yawanci don a soke ta, kuma ƙidayar ba ta bambanta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ambaton da ake yi wa maƙalar da aka janye ba tare da mai ambaton ya san an janye ba. Joachim Boldt, likitan sa barci a Jamus, an janye maƙalunsa sama da 100. Da yawansu a kan wani ruwa ne mai sitaci da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya. Da aka sake haɗa sakamakon gwaje-gwaje ba tare da nasa ba, sai haɗarin ruwan ga ƙoda da rai ya fito fili. Yoshitaka Fujii na Japan, shi ma mai sa barci, nasa sun haura 170. Kafin asirinsu ya tonu, duk wanda ya duba shafinsu zai ce gwanaye ne. Don haka idan za ka kira wani gwani a rahotonka, sa sunansa a rumbun Retraction Watch, wanda Ivan Oransky da Adam Marcus suka fara a 2010. PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ita ma tana sa alama a kan maƙalar da aka janye.

Dr Rabi: A ƙara da abin da ya faru a 2020. Maƙala a The Lancet a kan haidiroksiklorokwin, maganin da ake gwadawa a kan korona a lokacin, da bayanan wani kamfani mai suna Surgisphere, ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da ɓangaren gwajinta na ɗan lokaci. Cikin mako biyu aka janye ta, domin an kasa tantance bayanan. Babbar mujalla ce, kuma an tantance maƙalar kafin a buga.

Nura: Bari in koma kan maƙalu 300 ɗin. A 2018 John Ioannidis da abokan aikinsa sun wallafa a Nature cewa sun samu mutum sama da 9,000 da suka taɓa fitar da maƙalu fiye da 72 a shekara ɗaya, wato ɗaya a duk kwana biyar. Mafi yawansu masana fiziks ne da ke aiki cikin manyan ayari. Da aka ware su, kaso mai tsoka na sauran 'yan likitanci ne da kimiyyar rayuwa. To ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ta ce kafin a sa sunanka sai ka cika sharuɗɗa huɗu: ka ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su, ka rubuta ko ka yi gyara mai ma'ana, ka amince da rubutun ƙarshe, kuma ka yarda a tuhume ka a kan aikin. Wa zai iya wannan duk kwana biyar, yana duba marasa lafiya, yana koyarwa? Maƙalu 300 a shekara 30 abu ne mai yiwuwa ga mai babban ayari. A shekara 6 kuwa, sai a tambaya.

Malama Hadiza: A kuma duba inda aka buga su. A 2013 John Bohannon ya aika maƙalar bogi mai cike da kurakurai bayyanannu zuwa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga marubuci, 157 suka karɓa. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin wallafa Hindawi, saboda masu sayar da maƙala da gurbin suna sun kutsa ciki. Yanzu har ambato ana saye.

Zainab: Kaina ya fara ɗaukar zafi. Ke nan ta biyun ta fi?

Dr Rabi: A'a ƙanwata, babu wanda ya ce haka. Ba mu san su ba. Mai maƙalu 40 tana iya zama mai zurfi, tana iya zama wadda ba ta gama abin da ta fara. Ki tambayi kanki a kan me take aiki. Mai binciken sankara ko ciwon zuciya yana cikin taron dubban masu rubutu, kowa yana ambaton kowa. Mai binciken noma, ciwon nan da ke cin fuskar yara, wanda sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, mutum nawa ne a duniya za su ambace ta? Haka mai aiki a kan saran maciji, wanda aka mayar cikin jerin a 2017. Ƙarancin ambatonsu shaida ne a kan yadda aka yi watsi da cutar, ba a kan ingancin aikinsu ba. Wannan yana ci mini rai, domin matasa masu basira suna gujewa waɗannan fannoni saboda sun ga lamba ba ta hawa a can.

Nura: Akwai ma'aunan da suka yi ƙoƙarin gyara wannan. Scopus tana da wanda yake kwatanta maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya, inda 1 yake nufin daidai da matsakaicin fannin. Cibiyoyin lafiya na ƙasar Amurka, NIH, su ma suna da nasu a shafin iCite, kyauta ne. Sun fi ƙidaya tsura adalci, duk da cewa su ma ambaton dai suke aunawa.

Farfesa Umar: Zainab, ke ba kwamitin ba da lambar yabo ba ce, malami kike nema. Tambayarki ta fi tasu sauƙi. Ɗauki maƙalun kowannensu na shekaru biyar da suka wuce. Duba su wane ne na farko a jeri idan malamin ne na ƙarshe. Ɗalibai ne? Sun gama? Ina suke yanzu? Nemi biyu ko uku cikinsu ki tambaye su sau nawa suke ganin malamin, kuma in sun ba shi rubutu yaushe yake dawowa. Sannan ki karanta maƙalu uku na kowanne daga farko har ƙarshe, ki ga ko akwai tambaya ɗaya da mutumin yake bi shekara da shekaru, ko kuwa yau yana nan gobe yana can, duk inda aka buɗe gurbin suna. In ɗayansu ya yi gwaji a kan marasa lafiya, duba ko ya yi rajistarsa kafin ya fara, kuma ko ya wallafa sakamakon da bai zo yadda yake so ba. Wanda ya buga cewa maganin da ya sa rai a kansa bai yi aiki ba, a wurinsa za ki koyi gaskiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dr Bashir: Da wannan na yarda, ranka ya daɗe, ga ɗaliba mai zaɓe tsakanin mutum biyu. Amma kwamitin da ke da takardun mutum 80 ba zai karanta uku-uku ba. A tace da lamba tukuna, a rage su zuwa 10, sannan a karanta.

Dr Rabi: A wannan tacewar ta farko ce mai binciken ciwon noma za ta faɗi, kafin kowa ya buɗe takardarta. Da ita da wanda ya yi shekara huɗu yana ɗibar yara a gwaji irin AQUAMAT da ka kawo. Ka duba RECOVERY, da sunan ayari aka buga maƙalar. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka shigar da marasa lafiya sunayensu suna can a rataye. Gwaji ɗaya mai kyau yana cin shekaru, ya haifi maƙala ɗaya ko biyu. A wannan lokacin wani ya fitar da ƙananan maƙalu 30 daga takardun tambaya.

Farfesa Umar: Akwai hanyar da ta fi dama, kuma ba sabuwa ba ce. A 2015 NIH ta sauya fam ɗin tarihin mai neman tallafi: ya bayyana gudummawarsa ga kimiyya har guda biyar, kowacce da maƙalun da ba su wuce huɗu ba, ya faɗi abin da shi da kansa ya yi a ciki. Shafi biyu ko uku ne. Mutum 80 sau shafi uku, kwamiti mai mutum shida zai iya, in an raba.

Dr Bashir: Zai iya, amma wanda ya iya tsara magana zai sha gaban wanda ya iya aiki. Ni dai ina so lambar ta zauna kusa da bayanin, a ga ko sun yi daidai.

Malama Hadiza: To in za ta zauna, Likita, a fitar da ita yadda ya kamata: daga Scopus ko Web of Science, ba daga shafin da mutum ya tsara ba, a cire ambaton da ya yi wa kansa, duka biyun suna da wurin yin haka, a ware maƙalun da yake na farko ko na ƙarshe, a rubuta ranar da aka ciro ta. Game da masu aiki ƙarƙashin sunan ayari kuwa, Dr Rabi, PubMed tana jera su a matsayin masu haɗin gwiwa idan mujallar ta kawo sunayen, kuma in an nemi sunan mutum maƙalar za ta fito. Sauran rumbunan ba kullum suke ƙirga musu ba, saboda haka sai mutum ya kawo shafin PubMed ɗin da kansa ya haɗa da takardunsa.